Yadda Ake Kula da Keke Bayan Ruwan Sama Ya Dake Shi

Duk mai hawa keke a Kano ya san halin watan Agusta. Ka fita da safe gari garau, kafin la'asar hadari ya haɗo daga gabas, ka iso gida jiƙe sharkaf, jar laka har gwiwa. A wannan lokacin ba abin da kake so illa ka jingine keken a soro, ka sauya kaya, ka nemi abu mai zafi ka sha. Haka na riƙa yi a shekarun farko da na fara zuwa aiki da keke, kullum ina cewa gobe zan goge. Damina ɗaya ta cinye min sarƙa biyu da firiwil ɗaya (haƙoran ƙafar baya da sarƙa ke ja), ƙafar baya kuma ta fara gurnani kamar ana niƙa. Ranar da mai gyara ya kwance ta a gabana, abin da ya fito daga cikin boris ba giris ba ne, wani jan ruwa ne mai kama da kunun kanwa.

Daga nan na gane cewa matsalata ba rashin sanin gyara ba ce, lokacin da zan yi shi ne ban ajiye ba. Mai jiran ranar da zai sami awa biyu cur ya zauna da kekensa, marka za ta wuce bai samu ba. Abin da ya yi min aiki shi ne raba hidimar gida uku: minti biyar a daren da ruwa ya dake ka, minti goma washegari da safe, sai awa guda a ranar hutu, sau ɗaya a mako biyu.

Abu ɗaya kawai ya kamata ka fahimta kafin mu fara. Ruwa yana wanke man da ke cikin sarƙa, ya bar ƙarfe tsirara, kuma tsatsa ba ta buƙatar fiye da dare ɗaya ta fara bayyana. Laka kuwa ta fi ruwa ɓarna, don yashi ne a cikinta. Idan yashi ya gauraya da mai, ya zama tamkar sandafefa, duk taka feda da ka yi kana goge ƙarfe da ƙarfe ne. Don haka aikin gaba ɗaya shi ne fitar da yashi, busar da ƙarfe, sannan mayar da mai. A jere haka, ba a sauya musu wuri.

KAYAN AIKI

Tsumma uku. Tsohuwar singileti ko tsohon zanen auduga sun fi kyau don suna shan ruwa. Ɗaya na jikin keke, ɗaya na sarƙa, ɗaya na rim da birki. Kada ka bari su cakuɗe. Ni nakan ƙulla na birki a gefe ɗaya don in gane shi ko da duhu.

Buta ko ƙaramin bokiti.

Tsohon buroshin haƙori, da soso mai laushi.

Sabulun wanke-wanke kaɗan.

Mai na sarƙa. Idan ka sami wanda aka yi don keke musamman, to madalla. Idan babu, sabon man injin mota ko man giya ya wadatar. Zuba shi a ƙaramar roba mai tsinin baki, ko ka nemi sabon sirinji ka cire allurar, don ka iya ɗiga shi ɗigo-ɗigo.

Giris ɗan gwangwani, kananzir rabin kwalba, sandafefa mai laushi, sifana mai lamba 10, 13 da 15, sukudireba, filaya, da famfon iska. Mai keken giya irin na gwanjo zai buƙaci alanki mai lamba 4, 5 da 6.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci: inda za ka ajiye su. Tsumma, buroshi da robar mai su zauna a cikin gwangwani ɗaya, a daidai wurin da kake jingine keke. Idan sai ka shiga ɗaki ka buɗe akwati kafin ka ɗauko tsumma, wallahi ba za ka fito ba. Nawa yana rataye a ƙusa a soro, sama da inda hannun yara zai kai, saboda kananzir ba abin wasa ba ne a gidan da ke da ƙananan yara. Kada ka taɓa zuba shi a robar ruwan sha ko ta lemo.

KASHI NA FARKO: MINTI BIYAR A ƘOFAR GIDA

Yi wannan kafin ka tuɓe jiƙaƙƙun kaya. Ka riga ka jiƙe, ka riga ka ɓaci, kuma dole ka wanke ƙafafunka kafin ka shiga ciki. To butar da za ka wanke ƙafa da ita, fara da keken.

1. Zuba ruwa tun laka tana ɗanye. Laka ɗanya buta biyu sun isa su sauke ta, amma idan ta kwana ta bushe sai ka kankare, kankarewa kuma tana tafiya da fenti. Fara daga sama ka gangaro. Ka fi mai da hankali kan ƙarƙashin madigadi, wajen robar birki, da bayan farantin feda inda laka take taruwa. Zuba ruwan a hankali ya gangara da kansa.

Kuskuren da nake yawan gani shi ne kai keke wurin wankin mota a sa masa injin feshi. Keken zai fito yana ƙyalli, amma ƙarfin ruwan yana kutsawa cikin boris ya kori giris ya zauna a wurinsa. Bayan wata guda sai ka ji ƙara ba ka san daga ina ba. Idan dole ne ka kai can, ka ce wa yaron ya yi nesa da tsakiyar ƙafafu, da gindin feda, da wuyan keken.

2. Ɗaga keken kamar taki ɗaya ka sake shi ya dira a kan tayoyinsa, sau uku ko huɗu. Ruwan da ya maƙale a lunguna zai zubo. Sannan ka ɗaga gaba sama, ka kuma ɗaga baya. A yawancin kekunan ƙarfe akwai 'yan ƙananan huji a ƙarshen bututun da ke riƙe ƙafa, ta nan ruwan ciki yake fita. Idan laka ta toshe su, tsokane da tsinke.

3. Goge sarƙa. Wannan shi ne zuciyar aikin daren. Kama sarƙar ta ƙasa da tsumma, ka juya feda baya da ɗaya hannun, ka bar sarƙar tana ratsa tsumman. Juyi ashirin ko talatin, kana sauya gefen tsumman idan ya yi baƙi. Kula da yatsunka kada su bi sarƙa su shiga haƙoran faranti, kuma kada ka bari yaro ya juya maka feda alhali hannunka yana wurin.

Idan kekenka irin Phoenix ne ko Raleigh mai gidan sarƙa rufaffe, ka yi sa'a, don gidan yana tare yawancin laka. Sai dai idan ka ratsa ruwa mai zurfi, ruwan yakan shiga ya kwanta a ciki, sarƙa ta kwana tana jiƙa. Buɗe ɗan murfin da ke wajen ƙafar baya, ka karkata keken ruwan ya fita.

4. Da tsumman jikin keke, goge duk inda ƙarfe yake fari: kan keke, sandunan birki, kan notuna, ƙararrawa, rim kuma da tsumman birki. Sai ka jingine shi inda iska take ratsawa. Kada ka lulluɓe jiƙaƙƙen keke da leda ko tamfol. Mutane suna yi da niyyar kare shi, amma danshi ne suke kullewa a ciki, da safe sai ka tarar da gumi a jikin ƙarfe.

Idan ka dawo a gajiye likis, ko an kira magariba kana bakin ƙofa, to ka bar komai ka yi mataki na 3 kawai bayan ka idar da salla. Minti ɗaya ne.

KASHI NA BIYU: MINTI GOMA DA SAFE

Dalilin da ya sa ba a zuba mai da dare shi ne sarƙar ba ta gama bushewa ta ciki ba. Ni lokacin da na ajiye wa wannan shi ne bayan dawowa daga asuba, kafin a sauke shayi.

5. Sa wa sarƙa mai. Nemo mahaɗin sarƙar, wato gaɓar da ta bambanta da sauran, ko ka yi alama da alli, don ka san inda ka fara. Ɗiga ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa, ta gefen ciki wanda yake taɓa haƙora, kana juya feda baya a hankali har ka dawo kan alamar. Juya feda kamar sau ashirin man ya ratsa. Bar shi minti biyar, ka je ka yi wani abu.

Sannan ka dawo ka goge. A nan yawancin mutane suke kuskure. Man da ke da amfani shi ne wanda ya shige cikin gaɓoɓi. Wanda ya rage a waje ba abin da yake yi sai tara yashi da ɓata ƙafar wando. Goge har sarƙar ta yi kamar ba a sa mata komai ba, idan ka taɓa da yatsa ka ga ɗan maiƙo kaɗan. Sarƙar da take naso baƙi ƙirin ba gata aka yi mata ba.

Bari in ɗan tsaya a kan irin man, don a nan ake yawan gardama. Baƙin man da aka juye daga inji shi ne aka fi sawa a unguwa saboda kyauta ake samu. Na yi amfani da shi, kuma idan babu komai ya fi barin sarƙa a bushe. Amma akwai garin ƙarfe da dattin ƙuna a cikinsa, kuma yana kama ƙasa sosai. Kwalba ɗaya ta sabon mai za ta kai ka damina biyu, don haka ban ga abin da ake tsimi ba. Man keken ɗinki yana da tsabta amma ya cika ruwa-ruwa, ruwan sama ɗaya zai wanke shi, sai dai ka riƙa sawa kullum. Man gyaɗa da manja kuwa ka bar su a kicin: suna daskarewa su yi danƙo, sarƙa ta riƙa kamewa. WD-40, man feshin nan na gwangwani, yana da kyau wajen korar ruwa da sassauta tsatsa, amma ba ya daɗewa, idan ka fesa shi dole ka bi da mai na gaske. Giris kuma ba ya shiga cikin gaɓar sarƙa, a waje yake tsayawa ya zama matattarar yashi.

6. Duba birki. Da tsumman birki, wanda mai bai taɓa ba, goge gefen rim inda roba take kamawa. Za ka ga baƙin abu yana fita. Sai ka leƙa fuskar robar birkin. Sau da yawa za ka tarar da ƙananan tsakuwa ko ɓarɓashin ƙarfe sun nutse a ciki, su ne suke yin ƙarar nan mai tayar da tsigar jiki, kuma suna cin rim, musamman na alminiyam. Ciro su da tsinin allura ko ƙusa. Idan fuskar robar ta yi santsi tana sheƙi, ɗan goga mata sandafefa. Idan tsagogin da ke jikinta sun shafe, ta ƙare, sayi sabuwa. Damina tana cin robar birki fiye da rani nesa ba kusa ba.

Ko ɗigon mai kada ya taɓa rim ko roba. Mai keken da birkinsa na faifai ne ya ƙara kula, domin idan mai ya shiga takalmin irin wannan birki yawanci sai an sauya shi. Kuma ka riƙe wannan a kan hanya: rim na ƙarfe mai ƙyalli, irin na manyan kekunanmu, idan ya jiƙe birki ba ya kama shi nan take, sai ƙafar ta yi 'yan juyi roba ta share ruwan. Fara matsa birki tun da nisa.

7. Ɗigo ɗaya-ɗaya a mahaɗai. Idan birkin sanda ne, duk inda ƙarfe yake juyawa a kan ƙarfe ka ɗiga: ƙarƙashin kan keke, wajen wuya, da ƙasan gindin feda. Idan na waya ne, matsa hannun birki ka ɗiga a inda wayar take shiga rigarta. Mai giya ya ɗiga a gaɓoɓin abin sauya giya da tsakiyar ƙananan tayoyinsa biyu. Kada ka manta da sifirin na abin tsayawa. Ka goge rarar, ka matsa tayoyi da babban yatsa ka ji iska, ka gwada birki gaba da baya kafin ka hau.

KASHI NA UKU: AWA GUDA A RANAR HUTU

Zaɓi rana ka tsayar da ita. Tawa safiyar Asabar ce, wani abokina ɗan kasuwa kuma safiyar Juma'a yake yi kafin ya yi wankan masallaci. Idan kana da yaro da ya kai shekara goma, zaunar da shi kusa ya riƙa miƙo maka kaya. Aikin zai yi sauri, kuma kafin damina ta fita zai iya kashi na farko shi kaɗai.

8. Wanke keken da sabulu kaɗan da soso, ka ɗauraye sosai. Omo yana da kaifi, idan shi kaɗai ke gare ka to ka sa ɗan kaɗan, kada kumfar ta zauna a wajen boris.

9. Wanke sarƙa da haƙora. Tsoma buroshi a kananzir ka goge sarƙa, faranti da firiwil. Tsakanin haƙoran giya kuwa, yaga tsumma siriri ka zura ka ja shi gaba da baya. Shimfiɗa kwali a ƙasa, ka kare taya da rim, don kananzir yana lalata roba. Kada ka yi amfani da fetur: tartsatsi ɗaya daga murhu ko sigari ya isa. Bar sarƙar ta bushe sarai a rana, sannan ka maimaita mataki na 5.

10. Fitar da ruwan cikin firam. Wannan mutane kaɗan ne suka san shi. Ruwan da tayar baya take watsowa yana bin sandar sirdi ya gangara cikin bututu, ya taru a gindin feda. Yi alama a sandar don ka san tsayin da take, kwance notin, zare sirdin, ka kifa keken. Ranar da na fara yin haka bayan na ratsa ambaliya, ruwan da ya zubo ya kai rabin kofin shayi, ja wur. Bar shi a buɗe awa ɗaya ya sha iska, shafa wa sandar giris siriri, ka mayar. Girisin yana hana ruwa shiga, yana kuma hana sandar kamewa har ta gagari cirewa.

Idan sirdin fata ne, kada ka shanya shi a rana mai zafi ko kusa da wuta, zai tsattsage. Ya bushe a inuwa. Leda ɗaya da ka cusa a ƙarƙashinsa, ka rufe shi da ita duk inda ka ajiye keke a waje, ta raba ka da wannan wahala.

11. Saurari boris. Ɗaga ƙafar gaba ka juya ta, ka ɗora hannu a kan cokalin da ke riƙe ta. Idan lafiya take, ba za ka ji komai ba sai santsi. Idan ka ji gurgur-gurgur a tafin hannunka, ruwa ko yashi ya shiga. Kama tayar ka girgiza ta gefe da gefe, bai kamata ta yi wasa ba. Yi wa ƙafar baya haka, ka kama hannun feda ka girgiza shi ma. Na wuya kuwa, matsa birkin gaba ka tura keken gaba da baya, idan ka ji ƙwas-ƙwas ya saki.

Ga sabon hannu, shawarata ita ce ka kai wa mai gyara ka ce a kwance a wanke a sa sabon giris, ka tsaya a wurin ka kalla. Ka tafi da naka girisin. Idan ka ga an yi sau biyu za ka iya da kanka. Ranar da za ka gwada, shimfiɗa farin tsumma a ƙasa don 'ya'yan boris suna gudu, kuma ka ƙirga su kafin ka wanke. A yawancin kekuna tara-tara ne a kowane gefe na ƙafar baya, goma-goma ƙanana a ta gaba. Wanda ya yi tabo ko ya dushe, sauya duka na gefen. Wajen ɗaurewa, ka matse daidai yadda wasa zai ɓace amma ƙafar tana juyawa sakayau. Idan za ka cire feda, ka tuna ta hagu a juye take: ta dama ake juya ta idan za a kwance.

Ƙa'idata ita ce duk ranar da ruwa ya kai tsakiyar ƙafar keke, inda boris yake, ba na jiran mako biyu. Gara ma ka sauka ka saɓa keken a kafaɗa idan ruwan bai fi ƙarfinka ba. Idan kuwa yana gudu ko ba ka ganin ƙasa, ka jira ya janye, don kwalbati buɗaɗɗe ba ya nuna kansa a cikin ruwa.

12. Auna sarƙa. Tsakanin kowace ƙusa da ta kusa da ita rabin inci ne, saboda haka gaɓa 24 na sabuwar sarƙa inci 12 ne cif, kimanin santimita 30 da rabi. Ɗora rula ta ƙarfe daga tsakiyar ƙusa ɗaya. Idan ƙusar da ya kamata ta faɗa a kan inci 12 ta wuce da milimita ɗaya da rabi, lokacin sauya sarƙa ya yi. Idan ta wuce da milimita uku, ta riga ta ci haƙoran firiwil, sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle a kansu, sai dai a sauya su tare. Idan ba rula, ja sarƙar daga gaban faranti: idan ta ɗago har kana hango haske tsakaninta da haƙora, ta gaji. A keke marar giya, sarƙar ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita ɗaya a tsakiya. Idan ta fi haka, sassauta notunan ƙafar baya ka ja ta baya kaɗan, ka tabbata ta zauna a tsakiya kafin ka ɗaure.

Kafin ka tashi, bi tayoyi da ido ka ciro ƙaya da gilashi, domin jiƙaƙƙiyar roba ta fi saurin hujewa. Ka bi notunan madigadi da na kariyar ɗora kaya da sifana.

IDAN KA RIGA KA MAKARA

Wataƙila kana karanta wannan ne alhali sarƙarka ta riga ta yi ja. Idan jan a sama ne kawai kuma gaɓoɓi suna lanƙwasuwa, buroshi da kananzir da mai za su dawo da ita. Idan akwai gaɓar da ta sandare, juya feda baya a hankali za ka ga inda take ƙin miƙewa. Ɗiga mata mai, ka kama ta da hannu biyu ka lanƙwasa gefe da gefe har ta saki. Idan irin waɗannan sun yi yawa, cire sarƙar ka jiƙa ta a kananzir ta kwana. Wadda ta ƙi sakin jiki bayan haka, ka haƙura da ita, tsinkewa za ta yi a tsakiyar titi.

Tsatsar da ta feso a kan keke ko rim, dunƙula takardar alminiyam irin ta naɗe abinci, ka jiƙa ta da ruwa ka goga, za ta fita ba tare da karce ƙyallin ba. Inda fenti ya ɓare a jikin firam, goge da sandafefa har ka ga farin ƙarfe, ka ɗiga fenti ko wane launi ne.

Idan ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, ka yi kashi na uku gaba ɗaya sau ɗaya, har da sabon giris a duk boris ko da ba ka ji ƙara ba. Daga nan ka rage yawan man da kake sa wa sarƙa, ka ƙara yawan gogewa, saboda ƙurar hunturu tana tafe kuma man damina mai kauri shi take fara kamawa.